Yadda masana'antun giya da na malt ke hana abin sha lalacewa ba tare da ɓarnar wuta da ruwa ba

Na yi aiki a ɗakin gwaji na wata masana'antar kayan sha, kuma tambayoyin nan ne ake ta maimaita mini har na gaji. Ga amsoshin a wuri ɗaya.

Kai Musulmi ne, me ya haɗa ka da zancen giya?

Ba na sha, ban kuma ce kowa ya sha ba. Hukuncinta sananne ne. Amma malt ɗin da ake rabawa a bikin 'yarka daga irin waɗannan masana'antu yake fitowa, kuma tun da gwamnatin Najeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988 suka koma sayen dawar manomanmu.

Sinadari suke zubawa don kada ya lalace?

Galibi a'a. Zafi ne, da tsabta, da hana iska shiga. Bafaranshen nan Louis Pasteur ya wallafa bincikensa a kan giya tun 1876, kuma har yau a kan hanyarsa ake: a ɗumama abin sha zuwa wajen digiri 60, ƙwayoyin da ke ɓata shi su mutu, ba tare da ya tafasa ba.

To ina ruwan muhalli a nan?

Wajen samar da zafin. A tsohuwar hanya, kwalaben da aka cika aka rufe ne suke bi ta cikin wani dogon inji kamar rami, ruwan zafi yana zubo musu, tafiyar kusan awa guda. Ka ga an ɗumama abin sha, an ɗumama kwalba, sannan a dawo a sanyaya duka biyun. Man da tukunyar tururi ke ƙonawa saboda wannan ba kaɗan ba ne. A ɗaya hanyar, abin shan kaɗai ake ɗumamawa kafin ɗura shi, digiri 72 na kamar daƙiƙa 30, tsakanin faranta na ƙarfe masu siriri. Wanda ke fitowa da zafi shi ke ɗumama wanda ke shiga da sanyi, don haka mafi yawan zafin ba ya tafiya a banza. Wasu ma ba sa ɗumamawa sam, tacewa suke yi da matata mai ƙananan ƙofofin da yis ba ya iya ratsawa. Sai dai hanyoyi biyun nan suna son wurin ɗura kwalba mai tsabtar gaske. Malt kuwa, da yake sukari ya yi masa yawa kuma babu barasar da za ta kare shi, yawanci a cikin kwalbarsa ake ɗumama shi.

Me ya sa kwalbar take ruwan ƙasa?

Haske yana ɓata warin giya, kwalba mai ruwan ƙasa kuwa tana tare shi. Shi ke nan.

Ina sayar da zoɓo da kunun aya a gora. Zan iya bin wannan hanyar in huta da sayen ƙanƙara?

Hajiya, wannan ce tambayar da ta fi damuna, don abubuwa biyun ba ɗaya ba ne. Zoɓo yana da tsami sosai, kuma tsamin yana hana yawancin ƙwayoyin cuta yaɗuwa. Idan kika ɗura shi da zafinsa a kwalbar gilashi da kika dafa, kika rufe nan take, zai iya jimawa fiye da yadda kika saba. Na ce zai iya, domin ya danganta da ruwanki, da yawan sukari, da ko kin ƙara abarba ko kokwamba bayan kin sauke. Duk abin da ya shiga bayan saukewa ya rushe aikin. Gorar roba kuma lanƙwashewa take yi da zafi.

Kunun aya daban ne. Ba shi da tsami, kuma idan zafi ya haura digiri 70 da kaɗan sai sitacin ayar ya kama, ya yi kauri kamar koko. Kin ɗan ɗumama shi bai isa ya kashe duk ƙwayoyin ba, kin ƙara wuta ya lalace. Abin sha marar tsami a rufaffen mazubi cikin zafin Kano yana iya zama guba alhali warinsa bai canza ba. Don haka ki yi kaɗan, ki sa a sanyi, ki sayar a ranar. Masu ba ki shawarar zuba benzowet, sinadarin hana lalacewa, su ji tsoron Allah: a abin sha mai tsami yake aiki, a kunun aya asarar kuɗi ce, kuma ba a auna shi da ido. Idan kasuwarki ta girma, ki kai samfur ɗakin gwaji ki nemi rajistar NAFDAC. Kada ki karaya, yawancin matsalar tsabtar mazubi ce, kuma wannan tana hannunki.

Dusar hatsin da ke ragewa a masana'antun fa?

Shanu da kaji ke ci. Kowace lita 100 ta giya tana barin kusan kilo 20 na jiƙaƙƙiyar dusa, kuma tana saurin tsami, don haka mai kiwon da ya saya ya ba dabbobi da wuri ko ya shanya. Iskar kabon da yis ke fitarwa ma manyan masana'antu suna tarawa, su tsarkake ta, su kori iskar oksijin da ita daga kwalba kafin rufewa.

Gorunan da yara ke tsintowa a bola, in na wanke da omo ba shi ke nan ba?

A'a. Kwalbar gilashin da kamfani ke karɓa a kires, da ruwan zafi mai soda irin ta haɗa sabulu ake wanke ta, a duba kowace ɗaya kafin a sake cikawa. Ke ba ki san abin da aka zuba a gorar nan ba kafin ta iso hannunki. Ki sayi sabuwa.