Webmel: akwatin saƙon da ba ya cikin wayarka

Webmel shi ne imel ɗin da ake buɗewa ta burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet: ka shiga shafin kamfani, ka rubuta adireshinka da kalmar sirri, sai saƙonninka su bayyana. Gmail na Google da Outlook na Microsoft da Yahoo Mail duk irinsa ne. Abin da ya raba shi da tsohon tsari shi ne wurin ajiya. Saƙonnin ba a wayarka suke zaune ba, suna can cikin manyan kwamfutocin kamfanin da ake kira sabar. Kamar akwatin gidan waya ne da mutum ya kama haya: makulli na hannunka, akwatin kuwa a ginin wasu yake. Ita ma manhajar Gmail da ke wayarka, can take leƙawa ta nuna maka abin da ke ciki.

Da can, sai an sa manhaja ta musamman ta sauke saƙonni cikin kwamfuta guda, idan mutum ya yi tafiya ya bar wasiƙunsa a baya ke nan. A 1996 Sabeer Bhatia da Jack Smith suka fito da Hotmail, wanda ya ba kowa damar karanta saƙonsa kyauta daga duk kwamfutar da ke da intanet. Microsoft ya saye shi a ƙarshen 1997, shekarar da Yahoo Mail ya fito. Sai Gmail ya zo ranar 1 ga Afrilu 2004 da gigabait 1 (wato kusan megabait 1,000) na wurin ajiya, alhali Hotmail megabait 2 yake bayarwa. Tun daga nan mutane suka daina share saƙo, akwatin ya koma ma'ajiyar shekara da shekaru: takardun neman aiki, rasidai, hoton fasfo, sirrin iyali.

Alfanun wannan tsari a fili yake. Ko wayarka ta faɗa ruwa, saƙonninka na nan daram. Amma inda gizo ke saƙar shi ne, kamfanin bai san fuskarka ba. Duk wanda ya kawo kalmar sirri daidai, shi ne kai a wurinsa. Kuma idan ka danna "na manta kalmar sirri" a Facebook ko wani shafin saye da sayarwa, galibi imel ɗinka za a aika wa hanyar sabuntawa. Ke nan wanda ya kama akwatin ya kama sauran asusunka ɗaya bayan ɗaya. A ganina babu kalmar sirrin da ta kai ta imel cancantar a yi mata tsawo, a kuma keɓe ta. Kutsen da aka yi wa Yahoo a 2013, wanda daga baya kamfanin ya amsa cewa ya shafi dukkan asusunsa biliyan 3, ya isa hujja: mai amfani da kalma ɗaya a ko'ina, ɓarna a wuri guda ta ishe shi.

Sau da yawa ma ba fasa ƙofa ake yi ba, mai akwatin ne ke miƙa makullin da hannunsa. A watan Maris na 2016, John Podesta, shugaban yaƙin neman zaɓen Hillary Clinton a Amurka, ya sami saƙo mai kama da na Google, wai wani ya san kalmar sirrinsa, ya hanzarta ya canza ta. Mahaɗin da ke cikin saƙon shafin bogi yake kaiwa, kuma kafin ƙarshen shekarar dubban wasiƙunsa sun fito a WikiLeaks, shafin da ke fallasa bayanan sirri. Irin wannan shafi yakan zo da tambari daidai, launi daidai, gurbin rubuta kalmar sirri daidai. Abin da ke tona masa asiri shi ne adireshin da ke saman burauza, inda za ka ga an ƙara harafi ko an jingina sunan kamfanin da wani baƙon suna. Duk saƙon da ya zo da gaggawa da barazanar rufe asusu, kada ka danna komai a cikinsa. Buɗe sabon shafi, ka rubuta adireshin kamfanin da kanka.

Babbar garkuwa ita ce tantancewa mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an nemi wata shaida daga wayarka. Google yana ba da lambobin ko-ta-kwana guda 10, kowacce sau ɗaya ake amfani da ita. A rubuta su a takarda a adana, don ranar da waya ta ɓace su ne mafita. Sai kuma lambar waya da imel na dawo da asusu, waɗanda aka fi sakaci da su. Mutum ya buɗe akwati da wani layi, ya yar da layin, ya manta. Kamfanonin sadarwa kuwa suna sake sayar da layin da ya daɗe ba a amfani da shi, sai lambar dawo da asusunka ta riƙa zuwa hannun wanda ba ka taɓa gani ba.

Idan an riga an yi maka kutse, canza kalmar sirri kawai bai wadatar ba, kuma nan ne mutane da yawa ke tsayawa. Mai kutse da ya san aikinsa yakan shiga saiti ya kunna turawa kai tsaye, ta yadda kwafin kowane sabon saƙo zai tafi adireshinsa, ko ya kafa matatar da za ta ɓoye saƙonnin banki kafin ka gan su. Waɗannan ba sa mutuwa don an canza kalmar sirri. Sai ka bi saitin turawa da na matata ka goge abin da ba kai ka sa ba, ka duba jerin na'urorin da ke cikin asusun, ka fitar da baƙi.

Akwai ƙananan kayan aiki masu rage wahala. Gmail na barin ka janye saƙon da ka aika cikin daƙiƙa 30, in ka saita shi haka. Gurbin Bcc yana ɓoye adireshin mutane daga juna idan saƙon na jama'a da yawa ne, kuma hakkinsu ne a ɓoye. Abin da ka jefa kwandon shara na Gmail kwana 30 yake yi kafin ya tafi gaba ɗaya.

Tunda akwatin a hannun kamfani yake, dokokin kamfanin ne ke aiki a kansa. Gigabait 15 da Google ke bayarwa kyauta, Gmail da Drive (ma'ajiyar fayiloli) da Photos (ma'ajiyar hotuna) ne ke raba shi, don haka hotuna na iya cinye wurin har sababbin saƙonni su daina shigowa, kai kuma kana can kana jiran amsar takardar neman aiki. Daga Disamba 2023 kuma Google ya ba kansa damar share asusun da ya shekara 2 ba a taɓa shi ba. Mai tsohon akwati da ke ɗauke da takardu masu muhimmanci ya riƙa shiga lokaci zuwa lokaci, sannan ya sauke kwafin saƙonninsa ta Google Takeout, shafin Google na sauke bayanan asusu, ya ajiye a na'urarsa.