Ƙaramar mota da gida mai sarrafa kansa: me mutumin karkara zai samu a ciki?

Kamfanonin motoci sun duƙufa wajen sake fasalin ƙananan motocinsu, kuma yanzu ba motar kaɗai suke talla ba. Suna cewa nan gaba mota da gida za su riƙa aiki tare, wayar hannu tana sarrafa su duka biyun. Ga wasu tambayoyi da mutumin Bichi, Ringim ko Gumel zai so ya ji amsarsu kafin ya yarda da wannan magana.

Wace irin mota ake nufi?

Wadda muka sani ce tun ba yau ba: ƙaramar mota mai ƙofar baya da ake ɗagawa sama, wadda but ɗinta a haɗe yake da cikin motar, in an kwantar da kujerar baya sai a zuba kaya. Golf da Starlet su ne misali. Kamfanin Volkswagen na Jamus ya fara ƙera Golf a 1974, kuma ya ƙera fiye da miliyan 35. Golf 3 ta fito a 1991, amma har gobe ita ce ke jigilar mutane tsakanin garuruwanmu. Duk wanda ya je Maigatari ranar Alhamis ya gan ta da fasinja cike, buhun gero a baya, ƙofar but a ɗaure da igiya don ta ƙi rufuwa.

To me aka sake a sababbin?

Abu uku. Na farko cikin motar: Golf ta takwas da ta fito a 2019 an kwashe yawancin maɓallanta an mayar da su kan allo irin na waya. Direbobi suka yi ta ƙorafi, don mai tuƙi ba ya son ɗauke ido daga titi yana laluben allo, har a 2024 kamfanin ya dawo da maɓallan dannawa a kan sitiyari. Na biyu injin: an rage masa girma, an sa kwamfuta tana auna man da yake sha, wasu kuma an cire injin ɗungurungum an sa batir. Renault 5 ta Faransa, wadda aka fara yi a 1972, ta dawo a 2024 da lantarki zalla.

Na uku shi ne ya fi muhimmanci a wajena, kuma shi aka fi mantawa da shi a hira: kariyar rai. Jakar iska mai buɗewa lokacin karo, birkin da ba ya ƙamewa, jikin mota da aka tsara ya lotse daga gaba don ya kare na ciki. Duk wanda ya taɓa zuwa jana'izar mutane da yawa daga mota ɗaya ya san wannan ba ado ba ne.

Toyota ma ta farfaɗo da sunan Starlet a 2020 domin kasuwar Afirka, kodayake motar Suzuki Baleno ce da ake ƙerawa a Indiya aka sa mata tambarin Toyota.

Za ta jure hanyoyinmu kuwa?

Nan ne gizo ke saƙa. Yawancin waɗannan motoci an zana su ne don kwalta mai sumul. Cikinsu a ƙasa yake, tayoyinsu sirara ne daga gefe, ga na'urori masu auna abubuwa a jikin bamba da madubi da ƙarƙashin injin. Ka sa irin wannan a hanyar burji da damina, ko cikin yashin arewacin Jigawa wajen Babura da Maigatari, za ka ji kukan ƙarfe tun kafin ka isa. Ƙurar hunturu kuma tana toshe matatar iska da wuri. Sai batun mai: injin zamani mai feshin mai da ƙarfi ba ya yafe man bumburutu da aka ajiye a jarka ya sha ƙura ko ruwa.

Amma babbar matsalar ba hanya ba ce, gyara ne. Abin da ya riƙe Golf 3 a ƙasar nan shi ne bakanike a gindin bishiya zai kwance ta ya ɗaure da sifana, kayan gyaranta kuma suna nan jibge a Ƙofar Ruwa, sabo da na hannu. Sabuwar kuwa in ta kunna fitilar gargaɗi a gaban direba, sai an jona mata na'ura an karanta abin da ke damunta. In babu mai na'urar a garinku, sai a ja ta zuwa Kano ko Dutse. A ganina, kafin ka tambayi kuɗin mota, fara tambayar wa zai gyara ta a kusa da kai. Kuma ina roƙon iyayen da 'ya'yansu ke koyon kanikanci su matsa musu su koyi aiki da wannan na'ura, don motocin da ake yayi yau a Turai su ne 'yan Kwatanon da za su cika tashoshinmu nan gaba.

Shi kuma gida mai sarrafa kansa, mene ne?

Gida ne da kayan wutarsa ke haɗe da juna da kuma wayar mai gida. Fitila ta kunna kanta in duhu ya yi, fanka ta tsaya in babu kowa a ɗaki, ƙofa ta sanar da kai in an taɓa ta. Da can kayan kowane kamfani ba sa jituwa da na wani, sai a 2022 Apple da Google da Amazon da Samsung da wasu suka fito da ƙa'ida ɗaya mai suna Matter don kayan su riƙa aiki tare.

Mu da wutar ma ba ta ishe mu ba, ina ruwanmu da wannan?

Gaskiya ne an tsara yawancin kayan don gidan da wuta da intanet ba sa yankewa. Amma wani ɓangare ya riga ya shigo ƙauye ba tare da an kira shi da wannan suna ba. Solar nan ta biya kaɗan-kaɗan, wadda in ba ka biya ba take kulle kanta, wannan fasahar ce. Haka inbatar da ke nuna maka a waya yawan cajin da ya rage.

Abin da zai amfane mu ba fitilar da ake yi wa magana ba ce. Ka duba tankin burtsatse a unguwa, yadda yake cika ya yi ta ambaliya, ruwan da aka sha wahalar haƙowa yana bin lungu har sai wani yaro ya ruga ya kashe injin. Ƙaramin makunni mai iyo a cikin tankin yana magance wannan, ba ya buƙatar intanet. Manomin rani a Kura ko Kadawa zai amfana da famfon sola mai agogo. Mai garke ko mai rumbu zai amfana da fitila mai haskawa in ta ji motsi da dare.

Ina mota ta haɗu da gida?

A batir. Bayan girgizar ƙasar Japan ta 2011, kamfanin Nissan ya fito a 2012 da tsarin da motarsa ta lantarki mai suna Leaf za ta riƙa ba gida wuta. Sabuwar Renault 5 da BYD Dolphin ta Chaina suna iya ba kayan wuta lantarki daga batirinsu.

Mu yi lissafi da yunit irin na mita. Ƙaramin batirin Renault 5 yana ɗaukar yunit 40, babban kuma 52. Gida mai ƙwan fitila biyar, fanka biyu, talabijin da ƙaramin firji zai ci wajen yunit uku a rana. Ke nan mota ɗaya mai cikakken caji za ta riƙe irin wannan gida fiye da kwana goma, in ba a hau ta ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wanda ke sayen mai don mota da janareta a lokaci guda ya san darajar wannan lissafi.

Da me za a caja ta a ƙauye?

Da hasken rana, kuma muna da shi. Sai dai fanel ɗin sola mai wat 500 yana ba da yunit biyu zuwa biyu da rabi a yini, don haka cika batir mai yunit 40 a yini ɗaya zai nemi fanel wajen 16 ko fiye. Wannan ba na mutum ɗaya ba ne a yanzu, ya fi dacewa da ƙungiyar direbobi ko ta manoma su kafa a tasha.

A kuma kula da zafi. A watan Afrilu da Mayu muna haura maki 40, kuma zafi yana tsufar da batir. Leaf ta farko ba ta da ruwan sanyaya batir, masu ita a jihar Arizona ta Amurka sun ga batirinsu ya yi rauni da wuri. Wanda zai sayi motar lantarki ta hannu ya sa a auna lafiyar batirin tukuna, don shi ne mafi tsadar abin da ke jikinta.

Ba za a riƙa leƙen cikin gidan mutum ba?

Wannan tambaya ce mai nauyi. Kyamara mai intanet takan tura hoto zuwa kwamfutocin kamfani a wata ƙasa, kuma wanda ya sami lambar sirrin zai iya kallo. Gidan Bahaushe akwai iyali, akwai sutura. Kyamara ta tsaya a ƙofar gida, zaure, shago ko garke, kada ta shiga tsakar gida. In mai haɗa kaya ya gama aiki, a canja lambar sirrin da ya sa.

Mai ɗan kuɗi a hannu, da me zai fara?

Da sola madaidaiciya da batir mai kyau, a ajiye shi a inuwa inda iska ke shiga, a riƙa goge ƙurar fanel musamman da hunturu. Sai ƙananan kayan da ke aiki ko babu sabis: makunnin tanki, agogon famfo, fitilar motsi. Mota kuwa, a yanzu ƙarama mai shan mai kaɗan, mai ɗan tsayi daga ƙasa, wadda kayan gyaranta ke samuwa a Kano, ita ta fi dacewa da hanyar ƙauye. Ta lantarki ta jira har a sami wurin caji da mai gyara a ƙaramar hukumarku.