Me ake nufi da "onlayin" a karatun ƙwarewa kan haraji?

Tun da annobar korona ta rufe azuzuwa a 2020, kalmar "onlayin" ta shiga bakin kowa ta ƙi fita. Aronta bai dame ni ba. Abin da ke ɓata mini rai shi ne in ji an ce wane "ya yi satifiket ɗin haraji na onlayin", da muryar da ke nuna kamar takardar tasa ta bayan fage ce, ko kuma mai tallar kwas ya faɗi haka a rediyo kamar wata daraja ce ta daban. Duk su biyun sun ɗora kalmar a inda ba wurinta ba.

Asalinta Turanci ne, ma'anarta "a kan layi", wato na'urar da aka jona da babbar kwamfuta ta waya. Mu ma muna da layin, shi ya sa idan aka fassara ta kai tsaye sai ta zo da ban dariya, don ɗalibin da ke "kan layi" zai iya zama mai jiran a zo kansa ne kawai. Ko ta wace fuska aka duba, hanyar da darasi ya bi ya iso gare ka take bayyanawa. Ba ta cewa komai game da takardar shaidar.

Takardar kuwa ba makarantar da ta koyar da kai ce ke bayarwa ba. A Amurka, wanda ke son izinin wakiltar masu biyan haraji a gaban hukumar harajin ƙasar, wato IRS, ta hanyar jarrabawa, sai ya ci kashi uku, kowanne tambaya 100 cikin awa uku da rabi, sannan ya riƙa ƙaro ilimi na awa 72 duk shekara uku. A Birtaniya, cibiyar ƙwararrun haraji da aka kafa a 1930 ita ke ba da shaidar CTA, wato ta ƙwararren mai ba da shawara kan haraji, kuma bayan jarrabawa tana neman shekara uku na gogewa a bakin aiki. Babu mai tambayar ka a kan benci ka zauna ko a gaban waya.

To amma ruɗanin da ya fi girma yana cikin kalmar kanta, domin abu biyu ake kira da suna ɗaya. Akwai darasin kai tsaye, malami na magana kana ji a lokacin, ka ɗaga hannu ya amsa. Wannan aji ne, bango kawai ya rasa. Akwai kuma bidiyon da aka naɗa aka ajiye, ka kalla lokacin da ka ga dama. Wannan na biyun jikan karatun wasiƙa ne, irin wanda wani malami ɗan Ingila, Isaac Pitman, ya fara a 1840 yana aika darussa ta gidan waya.

A wasu fannonin bambancin ba wani abu ba ne. A haraji shi ne komai. A ce an ba ka tambaya: kamfani ya nuna ribar miliyan 10, bayan akanta ya cire miliyan 2 na raguwar darajar injuna. A tsarin ƙasashe da yawa sai ka mayar da miliyan 2 ɗin nan, riba ta koma 12, sannan ka cire rangwamen da doka ta yarda da shi a kan injunan. A bidiyo ka ga malami ya yi, ka gyaɗa kai, ka wuce da yaƙinin ka gane. Ranar da aka miƙo maka farar takarda sai ka cire duka biyun, raguwar daraja da rangwamen, kuma babu wanda ya leƙa kafaɗarka ya ce "malam, sau biyu ka cire". Wannan leƙen shi ake biya wa kuɗi a aji, kuma darasin kai tsaye mai gyaran aikin gida yana bayar da shi. Bidiyo ba ya yi.

Ba wai ina kushe naɗaɗɗen darasi ba ne. Ma'aikacin da ke tashi aiki da yamma a gajiye, ikon tsayar da malami ya maimaita bayani sau biyar ba ƙaramar ni'ima ba ce, a aji kunya ma ba za ta bar shi ya nemi na biyu ba. Sai dai dokar haraji ba ta zama wuri ɗaya. Kusan kowace shekara ana taɓa kaso ko iyakar rangwame, kuma masu jarrabawa suna faɗin dokar wace shekara za su yi tambaya a kai. Malamin da ke tsaye gabanka zai ce "an sauya wannan bana". Na cikin bidiyon da aka naɗa shekara biyu da suka wuce zai ci gaba da koyar da tsohon kaso cikin natsuwa da murmushi, kuma shi ma a tallarsa "onlayin" aka rubuta.