Waiwaye: Asalin Waƙoƙin Mahaƙa Kwal na Ingila

Wanda ya ji ana cewa "waƙoƙin gargajiya na mahaƙa kwal" zai ɗauka a can cikin rami aka tsara su, ana sara ana amshi kamar yadda manoma ke yi a gayya. Akasarinsu kuwa a sama aka haife su: a mashaya, a wurin taron yajin aiki, a gaban makara.

Gidansu shi ne arewa maso gabashin Ingila, yankunan Northumberland da Durham, inda ake loda kwal a kogin Tyne a kai Landan ta teku. Ɗaya daga cikin mafiya tsufa da suka shiga takarda ita ce "The Collier's Rant", wadda Joseph Ritson ya buga a 1793, John Bell kuma ya sake sa ta a kundinsa na 1812. Abin dariya, ba kukan wahala ba ce. Labarin wani mahaƙi ne da abokin aikinsa da suka yi kiciɓis da Shaiɗan cikin duhu, a harshen mutanen ramin da ko Baturen kudu sai ya kasa kunne sosai.

Daga baya murya ta canza. A 1844 mahaƙa suka yi dogon yajin aiki kan yarjejeniyar da ke ɗaure mutum shekara guda ga mai rami, aka fitar da iyalai daga gidajen kamfani, kayansu a titi. Ga kuma haɗurra: ramin Hartley kaɗai ya ci mutum 204 a 1862. Nan ne Tommy Armstrong, mahaƙi daga Durham da aka haifa a 1848, ya yi suna. Da iskar gas ta fashe a ramin Trimdon Grange cikin Fabrairun 1882, ya tsara waƙa don tara wa zawarawa da marayu taimako. Yakan ɗora baitukansa a kan karin da jama'a suka riga suka sani, a buga a takarda, a sayar kan kwabo ɗaya. Ashe dai yawancin "gargajiyar" nan tana da mai ita, har da suna da ranar haihuwa.

Siffar da muka sani yau kuwa aikin A. L. Lloyd ce, wani mawaƙi mai tattara waƙoƙin gargajiya. Ya nemi mahaƙa su aiko masa da waƙoƙi ta mujallar hukumar kwal ta ƙasa, ya fitar da littafi a 1952. Ya ceto abubuwa da yawa, babu musu, amma masu bincike sun zarge shi da gyara wasu baituka ba tare da ya faɗa ba, kuma a ganina zargin na da makama.

An rufe Kellingley, ramin kwal mai zurfi na ƙarshe a Birtaniya, a Disamban 2015. Bikin mahaƙa na Durham, da aka fara a 1871, har yanzu ana yin sa a watan Yuli, da tutocin ramukan da ciyawa ta daɗe da rufewa.