Ƙirƙirarren Harshe

Ƙirƙirarren harshe shi ne wanda mutum ɗaya ko wata ƙungiya suka zauna suka tsara da gangan, tun daga sautukansa har zuwa ƙa'idojin rubutu da nahawu, saɓanin harsunan da aka gada kaka da kakanni, waɗanda ba mai iya nuna ranar da aka fara su. Ya sha bamban da zaurance ko rubutun sirri, domin waɗannan juya kalmomin harshen da ake da shi kawai suke yi. Ƙirƙirarren harshe kuwa yana da nasa kalmomin da nasa tsarin jimla. Wasu sun ƙirƙiro shi don al'ummomi su fahimci juna, wasu don ƙawata labari ko fim, wasu kuma don gwada ko harshe na iya daidaita tunanin ɗan Adam.

Tarihi

A ƙarni na 12, wata malamar coci a ƙasar Jamus, Hildegard ta Bingen, ta bar jerin kalmomi kusan 1000 da ta kira Lingua Ignota, wato harshen da ba a sani ba, tare da haruffa 23 na kanta. A 1668 John Wilkins na Ingila ya fitar da tsarin da ya raba duk abin da ke duniya gida 40, ta yadda kowane harafi a kalma yake faɗin rukunin abin da ake nufi. A wurinsa "de" na nufin sinadarin asali, "deb" wuta, "deba" kuma harshen wuta. Dabarar tana burgewa a takarda, amma a baki ba ta da daɗin aiki: abubuwa masu kama da juna sunayensu ma kama suke yi, kuskuren harafi ɗaya sai ya kai mai sauraro ga wani abu daban ba tare da ya ankara ba.

Wani limamin coci Bajamushe, Johann Martin Schleyer, ya fito da Volapük a 1879. Ya samu karɓuwa cikin sauri, har aka gudanar da taro da shi a birnin Paris a 1889, sannan ya durƙushe, saboda mabiyansa sun nemi a sauƙaƙa nahawunsa, shi kuwa ya kafe cewa harshen nasa ne. A 1887 likitan ido L. L. Zamenhof ya buga ɗan littafin sabon harshensa a Warsaw da sunan aro Doktoro Esperanto, wato likita mai fata, sunan da daga baya ya zama na harshen, Esperanto. Ya tashi a Białystok, inda Yahudawa da Polawa da Rashawa da Jamusawa suke zaune tare cikin zargin juna, ya kuma ɗora laifin kan rashin harshe ɗaya. Tun a littafin farko ya sallama duk wani haƙƙin mallaka a kan harshen, kuma da wuya a raba wannan da ɗorewar Esperanto.

Tsarin sauti

Da sauti ake farawa, domin duk abin da zai biyo baya a kansa yake tsayawa. Mai ƙirƙira yakan zaɓi baƙaƙe da wasula, sannan ya yanke yadda gaɓa za ta kasance: shin baƙaƙe biyu na iya haɗuwa a farkon kalma, kuma da wane sauti kalma ke iya ƙarewa? Wannan doka ta gaɓa ce ke sa kunne ya ji kalmomi ɗari kamar 'yan gida ɗaya. Mai farawa da yawa yakan kwaso duk sautin da ya burge shi ya zuba, sai harshen ya fito ba kai ba gindi.

Toki Pona, wanda Sonja Lang ta fitar a 2001, yana da haruffa 14 kacal, baƙaƙe 9 da wasula 5, kuma ba baƙin da ke rufe gaɓa sai "n". Kusan kowa a duniya zai iya furta shi. Marc Okrand ya bi akasin wannan hanya lokacin da ya gina Klingon don finafinan Star Trek, wanda ƙamusunsa ya fito a 1985: da niyya ya haɗa sautukan da ba kasafai suke zama a harshe ɗaya ba, don ya yi kama da maganar wasu halittu. Marubucin labarai J. R. R. Tolkien kuwa daɗin sauti ya sa gaba a harsunan da ya ƙirƙira wa labaransa; ya ɗanɗano Quenya daga harshen Finland, Sindarin kuma daga na Wales.

Rubutu

Mafi sauƙi shi ne harafi ɗaya ga sauti ɗaya. Esperanto haka ya yi da haruffa 28, amma shida daga ciki suna ɗauke da alama a ka, kamar ĉ da ŝ da ŭ, kuma masu ɗab'i da yawa ba su da su. Zamenhof ya yarda a riƙa maye gurbin alamar da "h", masu rubutu a intanet kuma suka koma sa "x", su rubuta "cx". Duk wanda ya taɓa neman ƙ ko ɗ a waya ya rasa ya san irin wannan wahala. Wasu sukan zana sababbin haruffa ɗungurungum, kamar Tengwar na Tolkien, inda siffar harafi take nuna gurbin da ake furta shi a baki.

Nahawu da ginin kalma

A nan aikin yake da zurfi. Dole a yanke jerin aikau (mai yin aiki) da aikatau (kalmar aikin) da karɓau (wanda aikin ya faɗa wa) a jimla, a yanke ko za a raba jinsi, da yadda za a nuna jam'i da lokaci da korewa da tambaya. Klingon yana fara jimla da karɓau ya ƙare da aikau, tsarin da ke da ƙaranci ƙwarai a harsunan duniya.

Zamenhof ya taƙaita nahawunsa a ƙa'idoji 16. Kowane suna yana ƙarewa da -o, sifa da -a, jam'i da -j, karɓau da -n. Aikatau yana ɗaukar -as a lokacin yanzu, -is a wanda ya shuɗe, -os a mai zuwa, ba tare da togaciya ba. "La hundo vidas la katon" na nufin kare yana ganin kyanwa. Ko an juya an ce "La katon vidas la hundo", ma'anar tana nan, domin -n ɗin da ke jikin kyanwa ya riga ya nuna ita ake gani.

Ƙarfin harshen na gaske yana cikin ɗafe-ɗafe. Daga "sana", mai lafiya, ɗafa-goshin mal- yana ba da kishiya: "malsana", marar lafiya. A ƙara -ul-, wanda ke nufin mutum, a samu "malsanulo", majinyaci. A ƙara -ej-, wato wuri, sai ga "malsanulejo", asibiti. Da saiwa ɗaya ɗalibi ya mallaki kalmomi huɗu, shi ya sa littafin farko ya wadatu da saiwoyi kusan 900. Toki Pona ya fi haka tsuke bakin aljihu: kalmominsa na asali kusan 120 ne, saboda haka aboki shi ne "jan pona", mutumin kirki, sauran bayani kuma sai mahallin magana ya cike.

Suka da masu magana

Babban ƙorafi a kan Esperanto shi ne kusan duk saiwoyinsa daga harsunan Turai suke, don haka sauƙinsa bai kai wa Bajapane ko ɗan Afirka kamar yadda ya kai wa Bafaranshe ba. Ƙorafin yana da tushe. Irin wannan tunani ne ya sa K. A. Kumi Attobrah na Gana ya tsara Afrihili a 1970 daga kalmomin harsunan Afirka, sai dai bai samu jama'a ba. Haka akasarin ƙirƙirarrun harsuna suke ƙarewa, a littafin mai su.

Esperanto ne ya tsallake wannan siraɗi. Yana da mawaƙa da mujallu, akwai kuma 'ya'yan da iyayensu suka raine su da shi tun suna goye, galibi a gidajen da uwa da uba suka haɗu ta dalilinsa. Masu magana da shi sun fara babban taronsu na duniya a Boulogne-sur-Mer ta Faransa a 1905, kuma a 2024 aka yi shi a Arusha ta Tanzaniya, karo na farko a nahiyar Afirka.