Les Huguenots (wasan Meyerbeer)

Les Huguenots wasan kwaikwayo ne na tarihi da ake rera zancensa cikin waƙa, irin wanda Turawa ke kira opera. Giacomo Meyerbeer, Bayahude haifaffen Jamus, shi ya tsara kiɗan, Eugène Scribe da Émile Deschamps suka rubuta baitocin da Faransanci. An fara nuna shi a Paris ranar 29 ga Fabrairu, 1836.

Tushen tarihi

Huguenot laƙabi ne na 'yan Furotesta na Faransa, wato Kiristocin da suka ɓalle daga cocin Katolika, mabiya koyarwar malamin addini John Calvin. A watan Agusta na 1572 manyansu suka hallara a Paris domin bikin Henri na Navarre, ɗan ɗariƙarsu, da Marguerite, ƙanwar Sarki Charles na Tara, auren da aka sa ran zai kashe wutar gaba tsakaninsu da Katolika. An ɗaura shi ranar 18 ga wata. Ranar 22 aka harbi jagoransu Gaspard de Coligny, ya tsira da rauni, sannan da asubahin 24, ranar Waliyyi Bartholomew, aka ƙarasa shi a masaukinsa aka afka wa jama'arsa gida-gida. Kisan ya bazu har Lyon da Rouen da Bordeaux. Ƙiyasin masana yana kaiwa daga mutum 5,000 zuwa 30,000, kuma har yau ana saɓani kan rawar da Catherine de Medici, mahaifiyar sarki, ta taka.

Labarin

Wasan kashi biyar ne, ya ginu kan soyayyar Raoul, ɗan Huguenot, da Valentine, 'yar Saint-Bris, jigo a cikin Katolika. Ƙarfinsa yana kashi na huɗu, inda Raoul yake laɓe yana jin yadda ake ƙulla kisan, limaman coci suna sa wa wuƙaƙe albarka, yayin da Nevers, mijin da aka aurar wa Valentine, ya karya takobinsa ya ƙi shiga. Bayan mutuwar Nevers, Valentine ta karɓi aƙidar Raoul, Marcel, dattijon baran Raoul, ya ɗaura musu aure. Saint-Bris ya ba da umarnin harbe su ukun a titi, bai gane 'yarsa ba sai da ta faɗi.

Karɓuwa

Hukumomin wasu ƙasashen Katolika ba su yarda da labarin yadda yake ba; a Munich a 1838 sai da aka mai da shi rikicin Ingila. A Paris kuwa an cika nuni na 1,000 a 1906. Yanzu ba kasafai ake shirya shi ba, domin yana buƙatar ƙwararrun mawaƙa bakwai.