Binciken Ilimi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya

An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka fi sani da ABU, ranar 4 ga Oktoba 1962, kuma tana cikin manyan jami'o'in Najeriya wajen yawan ɗalibai da faɗin harabarta. Aikin binciken da ake yi a cikinta ya girme ta da shekara 40, domin tun 1922 gwamnatin mulkin mallaka ta kafa tashar gwajin noma a Samaru. Da jami'ar ta tsaya da ƙafarta sai aka miƙa mata tashar, ta koma Cibiyar Binciken Aikin Gona, wato IAR. Wannan gadon ne ya sa sawun binciken ABU ya fi fitowa a gona da asibiti fiye da yadda yake fitowa a jadawalin martabar jami'o'in duniya.

Noma da kiwo

Duk irin shukar da sunansa ya fara da SAM daga Samaru ya fito: SAMMAZ masara ce, SAMSORG dawa, SAMPEA wake, SAMNUT gyaɗa, SAMCOT auduga. Manomi a Giwa ko Funtuwa kan sayi irin a kasuwa ya shuka, ya yaba da saurin nunarsa, bai ma san cewa shekaru aka kwashe ana barbara da tankaɗe da rairaya kafin a sake shi ba. A Disambar 2019 aka amince da SAMPEA 20-T, waken da aka sauya wa ƙwayar halitta don ya jure tsutsar da ke huda kwanso, a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammad Ishiyaku. Shi ne irinsa na farko a duniya, kuma an tsara shi ne domin feshin da manomi kan yi sau shida zuwa takwas ya dawo kamar sau biyu. Masarar TELA, wadda ita ma aka sauya wa ƙwayar halitta, ta biyo baya a 2024. Har yanzu ana tafka muhawara a kan irin waɗannan shuke-shuke, wasu na so wasu na ƙi.

Akwai wani aiki da bai haifar da sabon iri ba amma ya sauya tunanin masana. A shekarun 1960 zuwa 1970, masanin tattalin arziki David Norman da abokan aikinsa sun zauna wa ƙauyukan Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, suna rubuta awannin da kowane gida ke kashewa a gona da abin da ya girbe. A lokacin malaman gona na ganin haɗa gero da dawa da wake a gona guda jahilci ne. Lissafin ya nuna akasin haka: haɗin ya fi biyan manomi a kan guminsa, musamman lokacin noman ciyawa da hannaye ke ƙaranci, kuma idan damina ta ci amanar shuka ɗaya, wata za ta rufa asiri. Wannan bincike na cikin tushen salon nan na nazarin tsarin noma gaba ɗaya da ya bazu a Afirka da Asiya. Ashe manomin ya san abin da yake yi.

A Shika kuma cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI ta samar da kazar ƙwai mai jure zafin ƙasar nan, Shika Brown.

Lafiya

Shekarun 1970 su ne lokacin da asibitin koyarwa na Zariya ya yi tashe. Neil Davidson da Eldryd Parry sun lura da yawan masu jego da ke zuwa da kumburi da haki, zuciya ta gaza, suka danganta abin da yawan shan kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙasa. Brian Greenwood ya yi aiki a kan sanƙarau, David Warrell kuma a kan saran maciji, musamman kububuwa mai sa jini ya ƙi daskarewa. Su biyun daga baya sun zama manyan farfesoshi a Landan da Oxford, abin da ya sa da yawa ke mantawa a Zariya suka gina sunansu.

Mafi nauyi shi ne aikin Farfesa Kelsey Harrison, ɗan Najeriya, wanda ya bi diddigin haihuwa 22,774 a asibiti ya wallafa sakamakon a 1985. Ya nuna cewa matan da ba su je awo ba, sai naƙuda ta yi tsanani aka kawo su, su ne suka fi mutuwa nesa ba kusa ba, kuma karatun 'ya mace na rage haɗarin. Daga baya Farfesa Andrew Nok ya ci kyautar kimiyya ta kamfanin NLNG a 2009 saboda bincikensa a kan ƙwayar cutar sammore.

Tarihi da sauran fannoni

A fannin tarihi har suna aka yi wa masanan wurin, ana ce musu mazhabar Zariya. Abdullahi Smith, Baturen da ya musulunta, ya ƙalubalanci ɗaukar labarin Bayajidda a matsayin bayanin asalin sarautun Hausa a wata maƙala ta 1970, shekarar da aka kafa Gidan Arewa, cibiyar binciken tarihi ta jami'ar da ke Kaduna, ya zama daraktansa na farko. Ɗalibinsa Yusufu Bala Usman ya fitar da littafinsa kan sauye-sauyen Katsina daga 1400 zuwa 1883 a 1981, inda ya ƙi yarda a fassara tarihin ƙasar da rigimar Hausa da Fulani kawai.

Jami'ar ce kuma ke riƙe da injin nukiliya na bincike ɗaya tilo a Najeriya, NIRR-1, ƙirar Sin, wanda ya fara aiki a 2004 da ƙarfin kimanin kilowat 30. Da shi ake gano sinadaran da ke cikin ƙasa da ma'adinai da abinci. A 2018 aka canza masa makamashi zuwa yuraniyom maras ƙarfi, aka mayar wa ƙasar Sin tsohon makamashin.

Ma'auni da cikas

Yau ana auna jami'a da yawan maƙalun da suka shiga rumbuna irin su Scopus da Web of Science, da sau nawa wasu masana suka ambace su. Wannan mudun bai cika yi wa ABU adalci ba. Buhun iri ba ya shiga Scopus, haka shirin rediyo na malaman gona na NAERLS, cibiyar jami'ar mai wayar da kan manoma. Dubban kundayen digiri na biyu da na uku suna jibge a Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim, da yawansu ba a taɓa buga su ba, alhali masu nazarin Arewa daga ko'ina kan zo su ɗiba.

Sai dai ba duka laifin mudun ba ne. Tsuke bakin aljihu na 1986 da karyewar naira sun hana sayen mujallu da kayan ɗakin gwaji, malamai da dama suka tsallake. Gwamnatin soja ta tasa ƙeyar Patrick Wilmot, malamin jami'ar ɗan asalin Jamaika, daga ƙasar a 1988. Tsarin ƙarin girma da ke ƙirga maƙalu ya sa wasu malamai, a nan da sauran jami'o'in ƙasar, suna kai rubutunsu mujallun da kuɗi kawai suke dubawa. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na 2022 kaɗai ya ci wata takwas, kuma gwajin gona ba ya jiran a janye yajin aiki, damina na wucewa shekarar ta tafi.

Kuɗin bincike yanzu ya fi fitowa daga asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund da masu tallafi na waje, ciki har da Bankin Duniya, wanda ya ɗauki nauyin wata cibiya a jami'ar da ke nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa riƙon sakainar kashi.